Jirgi Na Goma Sha Ɗaya

Idan aka tambayi ɗan makaranta wane ne ya fara ƙera jirgin sama, kafin a rufe baki zai ce 'yan'uwan nan biyu ne na Amurka, Wilbur da Orville Wright, a shekarar 1903. Amsar daidai ce, kuma duk malamin da ya ji ta zai ba da maki. Amma da za a ɗauko jirgin nasu a ajiye a filin jirgin sama yau, da wuya yaro ya yarda jirgi ne. Fukafukansa hawa biyu ne, abin ɗaga kai da sunkuyar da shi yana gaba, farfela biyu suna baya suna turawa, matuƙi kuwa kwance yake rub-da-ciki. Jirgin da yaro yake zanawa a bayan littafinsa, mai fiffike ɗaya a kowane gefe, da farfela a hanci, da jela a baya, da tayoyi a ƙasa, wannan siffa daga Faransa ta yaɗu. Mutumin da ya fi kowa yaɗa ta shi ne Louis Blériot, wanda ake faɗin sunansa kamar Luwi Bileriyo.

Abin da duniya ta riƙe game da shi rana ɗaya ce. Ranar Lahadi, 25 ga Yuli, 1909, ya tashi da sassafe daga gaɓar Faransa, ya ƙetare mashigin tekun da ya raba ƙasarsa da Ingila, ya sauka kusa da garin Dover bayan minti 36 da rabi. An taɓa ƙetare wannan ruwa da balan-balan tun 1785, amma shi balan-balan inda iska ta ga dama take kai shi. Da jirgi mai inji da fiffike kuwa, babu wanda ya riga shi. Sunan jirgin Blériot XI, wato na goma sha ɗaya da lambar Romawa. Tun da na fara karanta labarin, wannan lamba ce ta tsaya mini a rai. Wanda ya sa wa jirginsa lamba 11, ai yana gaya wa duniya ne cewa akwai goma a baya. To, ina suke, kuma me ya same su? Labarin waɗannan goma nake so in ba ɗalibanmu, musamman 'yan aji shida da suke shirin barinmu, domin a ganina a can ne za a gane ko wane irin mutum ne.

An haifi Blériot ranar 1 ga Yuli, 1872, a garin Cambrai da ke arewacin Faransa. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar, kuma yana ɗan shekara 10 aka kai shi makarantar kwana. Da ya girma sai ya nemi shiga École Centrale ta birnin Paris, wata babbar makarantar injiniyoyi mai wuyar shiga. A jarrabawar shiga ya zo na 74 cikin mutum 243 da aka ɗauka. Ranar fita kuwa ya zo na 113 cikin 203. Wato ko tsakiyar aji bai kai ba, ya ɗan gangara ƙasa. Da a wurinmu ne, ranar ba da kyaututtuka yana cikin masu tafi. Abu ɗaya ne aka san ya yi fice a kai, shi ne zanen injiniyoyi, irin wanda ake yi da rula da kamfas a kan allon zane. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karin magana ne mai gaskiya a wurare da yawa, amma wanda ya dubi Larabar wannan saurayi ba zai hango Juma'arsa ba.

Arzikinsa na farko daga fitila ya fito. A lokacin mota sabuwar aba ce, tafiyar dare kuma haɗari ce domin babu haske mai ƙarfi. Blériot ya ƙera fitilar mota mai aiki da iskar gas ɗin nan da ke fitowa idan aka ɗiga ruwa a kan kabaid, irin wanda masu walda suke amfani da shi. A 1897 ya buɗe shagonsa a Paris, ba da daɗewa ba manyan kamfanonin mota biyu, Renault da Panhard-Levassor, suka riƙa sayen fitilunsa. Ya yi aure a 1901, kuɗi suna shigowa, gida ya zauna lafiya. Da ya tsaya a nan, da ya tsufa yana attajiri, mu kuma da ba mu taɓa jin sunansa ba.

A babban bajekolin duniya da aka yi a Paris a 1900 ya ga wani abu mai kama da ƙaton jemage, wanda wani injiniya mai suna Clément Ader ya ƙera da niyyar tashi sama. Daga nan abin ya shiga ransa. Ya fara da dabarar da kowa yake farawa da ita, wato kwaikwayon tsuntsu. Ya ƙera na'ura mai kaɗa fukafukai, ta ƙi tashi. Wannan ce lamba 1. A 1905 ya haɗu da wani saurayi maƙeri, Gabriel Voisin, wanda ya ƙera masa lamba 2. Ba ta da inji, an ɗora ta a kan ƙananan kwale-kwale, jirgin ruwa mai gudu yana jan ta a kogin Seine. Tana ɗagawa sai ta karkace ta nutse, Voisin da ke ciki saura kaɗan ruwa ya ci shi. Duk da haka suka kafa kamfani tare. Lamba 3 mai fukafukai zagayayyu ta yi ta yawo a kan tafki, ta ƙi rabuwa da ruwa. Aka gyara ta ta zama lamba 4, daga baya aka sa mata tayoyi. Ranar 12 ga Nuwamba, 1906, aka kai ta filin Bagatelle a Paris, ta lalace tun tana gudu a ƙasa. A wannan fili, a wannan rana, wani mutumin Barazil mai suna Alberto Santos-Dumont ya tashi da nasa jirgin ya yi tafiyar mita 220, jama'a suna ta shewa, Blériot yana tsaye yana kallo. Ku auna yadda mutum zai ji a irin wannan yini.

Bayan haka ya rabu da Voisin ya kafa nasa wurin. Lamba 5 mai fiffike hawa ɗaya ce, jelarta a gaba, farfela a baya. Ta ɗan yi tsalle-tsalle, ta fashe a watan Afrilu, 1907. Lamba 6 tana da fukafukai biyu a gaba, biyu a baya, kamar mazari. Wannan kam ta tashi. Ranar 17 ga Satumba, 1907, ya kai tsawon mita 25 a sama, sai inji ya mutu, jirgi ya sunkuyo da kai ya nufo ƙasa. Blériot ya bar kujerarsa ya jefa jikinsa wajen jela, nauyinsa ya sa hancin ya ɗan ɗago, jirgin ya faɗo a kwance. Ya fito da 'yan yanke-yanke a fuska daga gilashin tabarau. Lamba 7 ta yi tafiyar fiye da mita 500 kafin ta kife a watan Disamba. Lamba 8 ta fi su duka, domin ranar 31 ga Oktoba, 1908, ya tashi da ita daga garin Toury zuwa Artenay ya komo, tafiyar kilomita 28. Bayan kwana huɗu ita ma ta ragargaje. Lamba 9 da lamba 10 ko tashi ba su taɓa yi ba. Mutanen Paris har suna suka ba shi, wai mutumin da kullum yake faɗuwa.

Wanda ya karanta wannan jeri da sauri zai ce ai labarin naci ne, mutum ya faɗi ya tashi har Allah ya ba shi sa'a. Ni ina ganin akwai abin da ya fi naci a ciki. Ƙuda ma yana da naci, yakan wuni yana dukan gilashin taga, amma dukan farko da na ƙarshe duk iri ɗaya ne. A sake duba jerin a hankali. Bayan lamba 1 ya bar kwaikwayon kaɗa fiffike, bai sake komawa ba. Bayan lamba 3 ya bar ruwa ya koma tudu. Bayan lamba 4 ya juya ga fiffike hawa ɗaya. Bayan lamba 5 ya ɗauke farfela daga baya ya kai ta hanci. Bayan lamba 6 ya rage fukafukan baya suka zama jela. Shi ya sa lamba 7, ko da yake ta kife, duk wanda ya ga hotonta yau zai ce wannan jirgi ne. A lamba 8 kuwa ya daidaita yadda ake tuƙi, sanda ɗaya a hannu don ɗaga kai da karkatawa, ƙafafu kuma suna juya jela, kuma a kan wannan tsari ake koyar da matuƙa har yanzu. Kowane tarkace da aka kwaso daga fili, sai ya zauna ya binciki abin da ya karya shi, sa'an nan ya sa wa na gaba sabuwar lamba. Bai taɓa goge lambobin baya don ya fara daga ɗaya ba.

Wani hali nasa kuma shi ne ba ya jin kunyar koyo daga wanda ya fi shi. A watan Agusta, 1908, Wilbur Wright ya zo Faransa ya tashi a kusa da garin Le Mans. Faransawa da yawa a da suna cewa labarin 'yan Wright ƙarya ce. Da suka ga yadda yake kewaye fili yana karkata jirgi yadda ya so, sai bakinsu ya mutu. Blériot yana cikin 'yan kallo. Sirrin Wilbur shi ne murɗa bakin fiffike da waya, gefe ɗaya ya ɗago ɗaya ya sauka, kuma da wannan dabara aka ƙera lamba 11. Wani matashin injiniya, Raymond Saulnier, ya sa hannu sosai a zanen jirgin. Injin farko da aka ɗaura masa yana yawan zafi, sai Blériot ya je wurin wani Ba'italiye mai ƙera babur, Alessandro Anzani, ya karɓo inji mai silinda uku da ƙarfin doki 25. Farfelar katako kuma Lucien Chauvière ne ya sassaƙa ta. Sunan mutum ɗaya aka rubuta a jikin jirgin, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirgin kansa katako ne da waya da yadi, faɗin fukafukansa bai kai mita 8 ba, nauyinsa kuwa wajen kilo 230, wato buhun masara biyu da ɗan ƙari.

A wannan lokaci ne jaridar Daily Mail ta Landan ta sa kyautar fam 1,000 ga duk wanda ya fara ƙetare mashigin da jirgin sama, da sharaɗin a yi tafiyar tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Inda ruwan ya fi ƙunci bai kai kilomita 35 ba, ko rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya bai cika ba. Amma injunan wancan zamani ba su da tabbas, kuma wanda injinsa ya mutu a kan teku ba shi da gonar da zai sauka. Blériot yana bukatar nasarar nan ƙwarai. Ya riga ya kashe aƙalla faran 780,000 na kuɗin Faransa a kan gwaje-gwajensa, ribar fitila ta kusa ƙarewa, ga mata ga 'ya'ya. Ga shi kuma ba shi da lafiya. A farkon watan Yuli, yana cikin tafiya da wani jirginsa a garin Douai, abin da aka naɗe salansa da shi ya kwance, zafi ya cinye takalminsa ya ƙone masa ƙafa. Bayan mako biyu ya sake ƙonewa a wurin. Da sandunan dogarawa ya isa gaɓar teku.

A can ya tarar da abokin takara, Hubert Latham, saurayi ɗan masu kuɗi, mai jirgi babba kyakkyawa da ake kira Antoinette, wanda yawancin mutane suka ɗauka shi zai ci. Latham ya riga ya gwada ranar 19 ga Yuli, injinsa ya mutu, ya sauka a kan ruwa, jirgin ruwan soja ya tsamo shi yana zaune yana shan taba. An kawo masa sabon jirgi, kowa yana jiran iska ta kwanta.

Cikin daren Asabar wayewar Lahadi iska ta lafa. Abokin Blériot, Alfred Leblanc, bai yi barci mai nauyi ba, yana ta duba sama. Tun kafin asuba ya tashe shi. Aka kai matarsa Alice tashar jiragen ruwa ta shiga jirgin soja mai suna Escopette, wanda zai bi shi a baya ko da wani abu ya faru. Ya ɗan kewaya fili don gwada inji, rana tana fitowa, da ƙarfe 4:41, ya tashi daga wani wuri da ake kira Les Baraques kusa da Calais. A sansanin Latham kuwa ba a tashe shi da wuri ba. Kafin ya shirya iska ta sake tasowa, ranar ta wuce shi.

Blériot ba shi da kamfas mai nuna gabas da yamma. Yana gudun wajen kilomita 70 a awa, nan da nan ya wuce jirgin ruwan da matarsa take ciki. Sai hazo ya rufe. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, ya yi fiye da minti goma ba ya ganin Faransa, ba ya ganin Ingila, ba ya ganin ko jirgin ruwa ɗaya, daga shi sai ruwa da ƙarar inji. A irin wannan wuri mai tsoro yakan fara juye-juye, ya ɓata gaba ɗaya. Shi kuwa ya riƙe hannunsa da ƙafarsa a yadda suke, ya bar jirgin ya miƙe. Da gaɓar Ingila ta bayyana sai ya ga iska ta tura shi gabas da inda ya nufa. Ya juya ya bi gaɓa, a gefen dogayen fararen duwatsun nan na Dover, har ya hango wani ɗan jarida Bafaranshe, Charles Fontaine, yana kaɗa tutar Faransa a wani fili kusa da tsohuwar ganuwar garin. Iska tana jujjuya shi, sai ya kashe inji yana wajen mita 20 a sama, jirgi ya faɗo da ƙarfi, ƙafafunsa suka lalace, farfela ta karye. Wato har a ranar nasararsa ma sai da ya fasa jirgi. Bambancin kawai shi ne a wannan karo a Ingila ya fasa shi.

Bayan kwana biyu Latham ya sake gwadawa, ya sake faɗawa ruwa yana hango Dover. A 1912 ya rasu wajen farauta a ƙasar da yau ake kira Chadi, kusa da garin da yanzu ake ce wa Sarh, kuma rahoton hukuma ya ce ɓauna ce ta kashe shi.

Daga wannan Lahadi rayuwar Blériot ta juya. Aka nuna jirgin a babban kantin Selfridges na Landan, mutane suka yi ta tururuwa. Gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lambar girma. Kafin shekarar ta ƙare an yi odar jirage fiye da 100, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 masana'antarsa ta ƙera fiye da 800. Ya buɗe makarantun koyon tuƙi, ciki har da ta garin Pau. Lasin tuƙin jirgi mai lamba 1 a Faransa nasa ne, ko da yake gaskiyar magana an jera lasin farko ne bisa harufan abacada, shi kuma sunansa da B ya fara. A watan Disamba, 1909, ya faɗo a kan wani gida a Santambul, ya karya haƙarƙari, daga nan ya rage tashi da kansa ya mai da hankali ga masana'anta. Da irin jirginsa ne Harriet Quimby ta Amurka ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgi ta ƙetare mashigin, ranar 16 ga Afrilu, 1912, sai dai labarin nutsewar Titanic a jajibirin ranar ya danne nata.

Yanzu na zo ga abin da na fi girmama shi a kai, wanda kuma ba a cika faɗa ba. Da jiragensa suka yawaita, aka riƙa sa musu injuna masu ƙarfi, sai aka fara mutuwa a cikinsu. A watan Janairu, 1910, fiffiken jirgin Léon Delagrange ya karye a sama kusa da Bordeaux, ya mutu. A watan Satumba na shekarar, Jorge Chávez, ɗan ƙasar Peru mai shekara 23, ya ƙetare duwatsun Alps daga Suwizalan zuwa Italiya, yana dab da sauka fukafukan suka naɗe, ya rasu bayan kwana huɗu. Aka ƙara wa katakon fiffike kauri, amma haɗarin bai tsaya ba. Mai kamfani a irin wannan hali yana da hanyoyin kuɓuta da yawa. Yana iya cewa laifin matuƙa ne, tunda matattu ba sa musu. Yana iya cewa iska ce. Yana iya gyarawa a ɓoye ya yi shiru.

Blériot ya zauna ya yi bincike kamar yadda ya saba yi wa tarkacensa. Kowa ya ɗauka iska daga ƙasa kaɗai take tura fiffike, saboda haka wayoyin da ke riƙe shi ta ƙasa aka ƙarfafa, na sama kuwa aka bar su sirara, aikinsu kawai su riƙe fiffike idan jirgi yana ajiye. Shi ya gano cewa idan matuƙi ya sunkuyar da jirgi farat ɗaya, iska takan dawo ta danne fiffiken daga sama, siraran wayoyin nan su tsinke. A 1912 ya rubuta wannan a rahoto ya miƙa wa gwamnatin Faransa, alhali sojan ƙasar suna cikin manyan masu sayen kayansa. Soja suka dakatar da tashi da jirage masu fiffike hawa ɗaya har sai da aka ƙarfafa wayoyin. Mutum ya kai ƙarar kayan da yake sayarwa da hannunsa. Abin mamaki, darajarsa ƙaruwa ta yi. Ina ganin wanda ya yi shekara tara yana duban kuskurensa ido da ido, a gaban 'yan kallo masu dariya, shi ne zai iya wannan. Ƙetare teku aikin minti 36 ne, kuma akwai sa'a a ciki. Rahoton nan babu sa'a a cikinsa ko kaɗan, hali ne.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Ranar 23 ga Oktoba, 1911, wani hafsan Italiya, Carlo Piazza, ya tashi da Blériot XI a kusa da Tarabulus ta Libiya don leƙen sansanin Turkawa. Wannan ne karo na farko da aka yi amfani da jirgin sama a yaƙi, kuma a nahiyarmu ta Afirka aka yi. Bayan 'yan kwanaki wani Ba'italiye ya jefa bama-bamai daga wani jirgi dabam. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin SPAD da Blériot yake shugabanta ya ƙera dubban jiragen yaƙi waɗanda Louis Béchereau ya zana. Abin da aka fara don murnar tashi kamar tsuntsu, cikin shekara biyar ya zama makami. Duk wanda zai karanta kimiyya a cikinku ya riƙe wannan, domin abin da hannu ya ƙera ba ya tambayar maƙerinsa izini kafin ya je inda za a kai shi.

Ƙarshensa bai zo da sauƙi ba. Bayan yaƙi cinikin jirage ya faɗi, har babur ya ƙera don ma'aikata su sami abin yi. A 1927 yana cikin waɗanda suka tarbi Charles Lindbergh, wanda ya taso daga New York ya sauka Paris shi kaɗai ba tare da yada zango ba, shekara 18 kacal bayan tsallaken Dover. A 1934 wani ƙaton jirginsa mai sauka a ruwa ya fara kai wasiƙu daga Dakar zuwa Natal ta Barazil. Gwamnati ta yi odar wasu uku, ya ci bashi ya fara aiki, sai aka soke odar. Ranar 1 ga Agusta, 1936, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Paris yana da shekara 64. Wurin da ya taso kusa da Calais yanzu sunansa Blériot-Plage. A Dover an shimfiɗa duwatsu a ƙasa da siffar jirgin, daidai inda ya faɗo. Jirgin kansa yana rataye a gidan tarihin Arts et Métiers a Paris.

Na daɗe ina raba wa ɗalibai takardun jarrabawa bayan an duba, kuma na lura da abin da yakan faru. Yawanci ido yakan tafi kai tsaye saman takarda inda maki yake. Mai 70 ya yi murmushi ya ninke, mai 30 ya ɓata rai ya ninke, kafin mako ya zagayo takardun duka suna wurin mai ƙosai. Kaɗan ne suke buɗewa su bi jan biro layi-layi, su zo su ce, "Malam, a nan ina na kauce?" Waɗannan kaɗan ɗin, ko da 30 suka fara, ban cika jin tsoro a kansu ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai sake zama jarrabawa sau uku da shiri iri ɗaya, yana cewa bana dai sa'a za ta zo, da kuma wanda faɗuwa ɗaya ta sa ya ce shi ba kan karatu gare shi ba.

Ya ku 'yan aji shida, sakamakon jarrabawarku zai fito bayan kun bar mu. Waɗansu za su yi murna, waɗansu kuwa za su ga abin da ba su zata ba, a lissafi ko a Turanci, a lokacin da babu malami kusa da zai ba su baki. Gaba kuma akwai neman gurbin karatu, da neman aiki, da sana'ar da za a fara ta ƙi tashi. Idan haka ta faru, kada ku ɓoye takardar, kada kuma ku ɗora wa iska laifi. Ku shimfiɗa ta a kan tebur, ku nemo wayar da ta tsinke, ku sake abu ɗaya aƙalla kafin ku koma fili, sa'an nan ku sa wa sabon ƙoƙarin lamba 2 ba tare da jin kunya ba. In kuwa wata rana aka ba ku amanar aikin da ran mutane ya rataya a kansa, ko gada ce, ko magani, ko lissafin kuɗin jama'a, kuka gano aibi a aikin hannunku, to, ku riga kowa faɗa. Allah ya ba ku sa'a, ya kai ku gidajenku lafiya.